RUWAN FAMFO A DAMAGARAM: INA YAKE ƁACI TSAKANIN RIJIYA DA RANDA?

Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san darajar ruwa. Idan bazara ta yi tsanani, famfo yakan yi kwana da kwanaki bai kawo ba a wasu unguwanni. Mata da yara su kwana a layi da jarkoki. Ƴan ga-ruwa su ƙara kuɗi. A irin wannan lokaci, tambaya ɗaya ce a bakin kowa: "Ruwa ya zo?" Amma akwai tambaya ta biyu wadda ba a cika yi ba. Ita ce: ruwan da ya zo, mai lafiya ne?

Masu karatu, a wannan fitowa za mu bi ruwan famfo tun daga rijiyar da aka jawo shi har zuwa randar da ke tsakar gida. Za mu ga yadda ake gyara shi, da yadda ake auna shi, da wuraren da yake ɓaci a hanya. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. In an san dalili, an kama hanyar magani.

GARI A KAN DUTSE

Wahalar ruwa a Damagaram ba ta yau ba ce. Garin yana zaune ne a kan dutse. Manyan duwatsun da muke gani a Birni, kusa da fadar Sarki, ba a sama kaɗai suke ba. Haka suka shimfiɗu a ƙarƙashin gari. Irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa kamar yadda rairayi yake riƙewa. Shi ya sa rijiyoyin cikin gari ba su da ruwa mai yawa. Ga shi kuma damina wata uku ce zuwa huɗu.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar Birni, mutane sun dogara ne da rijiyoyi da tafkuna. Turawan Faransa sun ci garin a 1899. A 1911 suka mai da shi babban birnin ƙasa. A 1926 suka mayar da babban birni Yamai. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar.

Da yake ruwan ba ya ƙarƙashin gari, tilas aka je nemansa nesa. An fara da Gogo da Macaya, kudu da gari. Daga baya aka haƙa rijiyoyin burtsatse a Arunguza, arewa da gari. Bayan nan aka ƙara nausawa arewa zuwa Ganaram. Ke nan ruwan da muke sha yana tafiyar kilomita masu yawa cikin bututu kafin ya iso. Gari kuwa kullum ƙaruwa yake yi. A ƙidayar 2012, mutanen birnin da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa sun haura dubu 300.

SU WA KE RIƘE DA RUWAN?

Yana da kyau mai shan ruwa ya san wanda zai kai wa kuka. Kafin 2001, kamfanin gwamnati mai suna SNE shi ke riƙe da ruwan birane. A 2001 aka raba aikin gida biyu. Kamfanin SPEN ya riƙe kayan aiki, wato rijiyoyi da manyan tankuna da manyan bututai, shi ke kuma gina sababbi. Kamfanin SEEN, wanda wani kamfanin Faransa yake da babban rabo a cikinsa, ya riƙe jawo ruwa da gyara shi da rarraba shi da karɓar kuɗi. Yarjejeniyar SEEN ta ƙare a ƙarshen 2023. Daga farkon 2024, kamfanin ƙasa mai suna NDE ya karɓi wannan aiki.

Ban da su, akwai ma'aikatar ruwa ta jaha, da ma'aikatan tsabta na sashen kiwon lafiya, da ma'aikatar magajin gari mai kula da kwatoci da shara. Kowa da nasa rabon aiki. Amma iyakar kamfani ita ce mitar da ke ƙofar gida. Daga nan zuwa ciki, alhaki yana wuyan mai gida.

YADDA AKE GYARA RUWA

Ruwan da ya fito daga rijiya mai zurfi galibi garau yake, domin rairayi ya riga ya tace shi. Duk da haka ba a sakinsa haka nan. Sai an sa masa magani mai suna kulorin. Shi ne sinadarin da ke cikin ruwan jabel da ake wanki da shi, amma gwargwadon da ake sa wa ruwan sha ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Kulorin yana da aiki biyu. Na farko, yana kashe ƙwayoyin cuta da ke cikin ruwan. Wannan yana bukatar kamar minti 30. Na biyu, ragowarsa tana rakiyar ruwan cikin bututu, kamar ɗan rakiya mai tsaron ayari. In wata ƙwayar cuta ta shiga a hanya, ragowar nan ce za ta kashe ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni. A wurin gyara ruwa, bayan minti 30, ragowar kulorin kada ta gaza rabin miligiram a kowace lita. A bakin famfo kuwa, kada ta gaza kashi ɗaya cikin biyar na miligiram. Miligiram shi ne giram ɗaya an raba shi gida 1000. Misali, a babban duro mai cin lita 200, dukan kulorin da ke ciki bai wuce kashi ɗaya cikin goma na giram ba.

Wasu sukan ƙi ruwan famfo in sun ji ɗan warin magani. Su koma ga ruwan rijiya ko na tafki, su ce ya fi daɗi. Wannan kuskure ne. Ɗan warin nan alama ce cewa ɗan rakiya ya iso tare da ruwan.

Sai dai kulorin ba ya dawwama. Zafi yana rage shi. Doguwar tafiya tana rage shi. Laka da tsatsa da ke cikin tsohon bututu suna cinye shi. Saboda haka gidan da ke ƙarshen layi ya fi samun ruwa mai ƙarancin magani, musamman a watan Afrilu da Mayu.

RANAR DA FAMFO YA ƊAUKE

A nan ne babbar magana take, a karanta da kyau.

Babu garin da bututansa ba su da tsaga ko mahaɗa mai yoyo. Muddin bututu yana cike, ruwan da ke ciki yana da ƙarfi, yana turawa waje. Ko akwai tsaga, ruwa mai kyau ne yake fita. Ƙazanta ba ta samun hanyar shiga. An yi asarar ruwa, amma ba a yi asarar lafiya ba.

Idan aka ɗauke ruwa, sai labari ya sake. Wataƙila wutar lantarki ce ta ɗauke, injuna suka tsaya. Wataƙila ruwan ne bai isa ba, aka rufe wa wannan unguwa don a ba waccan. Bututu ya zama fanko. Mutanen da ke gangare suna ci gaba da buɗe famfo, suna tsiyaye ragowar. Wannan yana sa bututun ya riƙa zuƙa, kamar yadda yaro yake zuƙar ruwa da tsinken kara. Me zai zuƙa? Duk abin da ke kwance kusa da tsagar: ruwan kwata, ruwan wanka, ruwan da ya tsiyayo daga salanga. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ranar da ruwa ya dawo, shi ke kwaso wannan ƙazanta, ya haɗa da lakar da ta kwanta cikin bututu, ya kawo bakin famfo. Shi ya sa ruwan farko yakan zo ja ko da gurɓi. Wani lokaci kuwa yakan zo garau, alhali akwai ƙwayoyin cuta a ciki, domin ido ba ya ganinsu.

Ashe ɗaukewar famfo ba ƙishirwa kaɗai take jawowa ba. Tana buɗe wa cuta ƙofa. Haɗarin ya fi yawa a tsofaffin unguwanni irin Birni da Zango, inda lunguna suke da ƙunci, gidaje suke manne da juna, bututu da kwata suke bin hanya ɗaya. Ya fi yawa kuma da damina, lokacin da ruwa yake kwanciya a kan tituna.

Akwai abubuwa huɗu da mu da kanmu muke yi, waɗanda ke ƙara wannan haɗari:

1. Jan ruwa ta ɓarauniyar hanya. Wanda ya huda bututu da dare ba ya ɗinke shi da kyau. Ya buɗe ƙofar cuta ga dukan maƙwabtansa.

2. Haƙa rami a kai ga bututu don a tari ruwa idan ba shi da ƙarfi. In ruwan sama ko na kwata ya cika ramin, bakin bututu yana nutse cikinsa.

3. Barin tiyo a nutse cikin duro ko kwatami. In ruwa ya ɗauke, bututu yana iya zuƙe abin da ke cikin duron ya mai da shi baya.

4. Ɗaura injin zuƙo ruwa kai tsaye a jikin bututu. Mai injin ya samu ruwa, amma ya rage ƙarfin ruwan unguwa, ya kuma sa bututu yana zuƙar ƙazanta. Daidai shi ne ruwa ya zuba cikin tanki tukuna, sannan inji ya ɗauka daga tankin.

YADDA AKE AUNA LAFIYAR RUWA

Ba a gane lafiyar ruwa da ido ko da harshe. Sai da awo. Aikin masu ruwa ne su riƙa ɗibar ruwa a wurare dabam-dabam: a bakin rijiya, a babban tanki, a famfunan unguwa, da ƙarshen layi. Ga manyan abubuwan da ake dubawa.

Ragowar kulorin. Ana zuba ruwa a ƴar kwalba, a jefa wata ƙwaya. In akwai kulorin, ruwan zai yi ja-ja. In bai sake launi ba, maganin ya ƙare. Wannan awo ba ya cin minti biyar.

Gurɓi. Ruwa mai gurɓi yana ɓoye ƙwayoyin cuta, yana kuma hana kulorin aiki.

Ƙwayoyin cuta na bayan gida. Akwai wata ƙwaya da ke zaune cikin hanjin mutum da na dabba. In an same ta a ruwa, an tabbata kashi ya shiga. Ana ɗibar kashi ɗaya cikin goma na lita, a kai ɗakin awo, a jira kamar kwana guda. Ƙa'ida ita ce kada a samu ko ɗaya.

Sinadaran ƙasa. Wasu suna fitowa daga duwatsu, wasu daga taki. Biyu daga cikinsu sun cancanci dogon bayani.

DARASIN TIBIRI

Na farko shi ne fuloraid. Yana cikin wasu duwatsu na ƙarƙashin ƙasa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori. In ya yi yawa kuwa, guba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1 da rabi a lita.

A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, an fara ba mutane ruwan wata rijiyar burtsatse a 1985. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗaci. Aka yi shekaru ana sha. Sannu a hankali haƙoran yara suka riƙa yin ja. Ƙafafun wasu suka lanƙwashe, ƙasusuwansu suka lalace. Sai bayan shekaru fiye da goma aka tabbatar cewa fuloraid ɗin ruwan ya ninka ƙa'ida. Ɗaruruwan yara sun nakasa, kuma irin wannan nakasa ba ta warkewa.

Darasi a nan shi ne, kulorin ba ya cire fuloraid, tafasawa ma ba ta cire shi. Awo kaɗai ke tona shi. Don haka tilas a auna kowace sabuwar rijiya kafin a buɗe ta, a kuma ci gaba da aunawa. Wannan ya shafi masu haƙa burtsatse a gidajensu suna sayar wa unguwa. Mai saye yana da ikon ya tambaya: an auna ruwan nan? Yaushe? Ina takardar?

RABON MANOMA DA MAKIYAYA

Sinadari na biyu shi ne nitirat. Yana fitowa daga takin zamani, da kashin dabbobi, da salanga. Ruwan sama yana narkar da shi, ya nutse da shi ƙasa har ya kai ga ruwan rijiya. Ƙa'idarsa miligiram 50 a lita. In ya wuce haka, jarirai ƴan ƙasa da wata shida ne suka fi cutuwa, domin yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Shi ma tafasawa ba ta cire shi.

Ruwan da ba shi da zurfi ƙwarai, wanda ruwan sama yake ciyarwa kowace damina, shi ya fi saurin kamuwa. Saboda haka manomin da gonarsa take kusa da rijiyoyin gari, amanar dubban mutane tana hannunsa. Ga abin da ake roƙo:

A sa taki gwargwadon yadda malamin gona ya faɗa. Wanda ya wuce bukatar shuka, ƙasa yake tafiya.

Kada a tara juji ko a kafa turken dabbobi a gindin rijiya. Salanga ta yi nisan mita 30 daga rijiya, kuma ta kasance a gangare da ita.

Kada a wanke injin feshi kusa da rijiya ko tafki.

Kada a zuba ruwan sha a jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari. Robar tana shan guba, wanki ba ya fitar da ita duka. A huda irin wannan jarka don kada wani ya ɗauka.

Babban bututu yana ratsa gonaki da burtali kafin ya iso gari. Wanda ya ga yana yoyo ya kai labari. Wanda ya fasa shi don ya shayar da dabba ko lambu, ya sani cewa ya gurɓata ruwan jama'a.

DAGA BAKIN FAMFO ZUWA RANDA

Gidaje da yawa ba su da famfo. Daga famfon unguwa suke saye, ko daga ɗan ga-ruwa. Sau da yawa ruwa yakan fito lafiya daga famfo, ya ɓaci a wannan ɗan gajeren zango.

Jarkar da ba a wankewa tana yin gansakuka a ciki. Mazurarin da aka ajiye a ƙasa yana kwasar ƙazanta. Ganye ko leda da ake toshe bakin jarka da su suna ɗauke da datti. A gida kuma, randa a buɗe take, moɗa ɗaya ce ake sha da ita, a sake tsoma ta. Yaro ya fito daga bayan gida, ya sa hannu. Bayan kwana ɗaya ko biyu kulorin ya gudu, ba mai tsaro. Da yake tsoron yankewar ruwa yana sa mu tara na kwanaki, wannan haɗari kullum yana tare da mu.

Cututtukan da ke bin wannan hanya sanannu ne: zawo, atuni, zazzaɓin taifot, shawara, shan inna, da kwalara mai sa amai da zawo. A 2018 kwalara ta ɓarke a jahar Maraɗi, ta kama dubban mutane. A 2021 ta bazu a jahohi da dama, har da Damagaram. A wannan shekara fiye da mutum dubu 5 suka kamu a ƙasar, fiye da 150 suka rasu.

Amma kada a karaya. Dattawa suna tune da kurkunu, yadda yake kwantar da manomi a tsakiyar damina. Ƙasar Damagaram tana cikin inda ya fi yawa. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, da wayar da kai aka ci ƙarfinsa. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da shi. Abin da aka yi wa kurkunu ya nuna cewa cutar ruwa tana jin magani in an haɗa kai.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

1. In famfo ya dawo bayan ɗaukewa, kada a sha ruwan farko. A tare shi a bokiti har ya washe. A yi wanki ko ban-ruwan itace da shi, kada a zubar.

2. In ruwa ya zo da gurɓi, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta. Sannan a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa masa ƙwayar gyaran ruwa irin Aquatabs. Ƙwayoyin suna da ƙarfi dabam-dabam. A karanta takardarsu, ko a tambayi ma'aikacin lafiya lita nawa ƙwaya ɗaya take gyarawa. A jira minti 30 kafin a sha.

3. A ware abin zuba ruwan sha dabam. Mai ƙaramin baki da murfi ya fi. A wanke shi da sabulu kafin a sake cikawa. Kada a zuba sabon ruwa a kan tsoho.

4. In randa ce, a rufe ta, a ɗora ta a kan abu. A ɗiba da moɗa mai dogon hannu, a zuba a wani kofi, sannan a sha.

5. A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayan gida, bayan an wanke wa yaro, da kafin a taɓa abinci.

6. In yaro ya kamu da zawo, a dama masa fakiti ɗaya na gishirin zawo a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A ci gaba da ba shi nono. In zawon kamar ruwan shinkafa ne, ga amai, a garzaya da shi asibiti ko da tsakar dare.

ABIN DA ZA A YI A UNGUWA

Mai tsaron famfon unguwa ya share wurin, ya gyara magudana, ya rataye tiyo kada bakinsa ya taɓa ƙasa. Ɗan ga-ruwa ya wanke jarkokinsa da sabulu, ya sa musu murfi. Mai saye ya leƙa cikin jarka kafin a juye masa.

Wanda ya ga bututu ya fashe, ko yana kwance cikin kwata, ya sanar da ofishin kamfanin ruwa, ya kuma gaya wa mai unguwa. In ruwa ya sake launi ko wari, ko gidaje da yawa a layi ɗaya suka kamu da zawo lokaci guda, a sanar da kamfani da asibiti a ranar. A rubuta kwanan wata da sunan layin, domin magana a rubuce ta fi nauyi.

Su kuma masu riƙe da ruwa, jama'a suna da haƙƙi a kansu. A gyara fashewa da sauri. A wanke bututu da magani bayan gyara kafin a saki ruwa. A wanke manyan tankuna a kan lokaci. A sake tsofaffin bututai. A auna kulorin har ƙarshen layi, a kuma faɗa wa mutane sakamako ta rediyo, cikin harshen da suke ji. In za a ɗauke ruwa, a sanar tun da wuri. Babban magani kuwa shi ne bututu ya zauna cike dare da rana, domin bututun da ke cike shi ke tsare kansa.

Kafin a kai ga wannan rana, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kamfani ya tsare bututu, manomi ya tsare gindin rijiya, ɗan ga-ruwa ya tsare jarka, uwargida da maigida su tsare randa. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.